Darasi Ga Ƙungiyoyin Manoma: Yadda Waya da Kwamfuta Suke Gane Irin Fayil

Darasinmu na wannan karo ya ɗan fita daga gona, amma bai fita daga sha'anin ƙungiya ba. Tun shekarar 2012, sa'ad da gwamnatin tarayya ta fara aika wa manoma saƙon takin tallafi ta wayar hannu, waya ta shiga cikin kayan aikin manomi. Yau a Kabo da Garo, da Gwarzo da Getso, magatakardan ƙungiyoyi da yawa suna riƙe da sunayen membobi, da lissafin bashin taki, da hotunan rasit a cikin waya. Ta waya kuma takardun cikewa suke zuwa mana, na gaskiya da na ƙarya.

Duk sa'ad da wani abu ya shigo wayarmu, mukan ga ɗan hoto kusa da sunansa. Yawancinmu wannan ɗan hoto muke dubawa, sa'an nan mu taɓa. Wannan darasi zai nuna mana inda ɗan hoton yake fitowa, da dalilin da ya sa bai isa shaida ba. Wanda ya gane wannan zai iya tsare lissafin ƙungiya, ya tsare kuɗinta kuma.

KALMOMI HUƊU

Bari mu fara da kalmomin da za mu yi ta amfani da su.

1. Fayil. Kowane abu guda da aka ajiye a waya ko kwamfuta da sunansa: hoto, ko wasiƙa, ko murya, ko bidiyo.

2. Manhaja. Ita ce mai yin aiki. WhatsApp manhaja ce, Word manhaja ce, abin da yake kunna maka waƙa ma manhaja ce.

3. Uwar manhaja. Ita ce babbar da take tafiyar da na'urar duka, sauran manhajoji suna zaune a kanta. A wayoyin Tecno da itel da Infinix da Samsung masu shafawa, sunanta Android. A yawancin kwamfutocin da muke gani a shagunan buga takardu, sunanta Windows.

4. Tambari. Shi ne ɗan hoton nan da yake kusa da sunan fayil.

ABIN DA YAKE CIKIN FAYIL

A wurin na'ura, fayil jerin lambobi ne kawai. Kowace lamba tana tsakanin 0 da 255, ana kiranta bait. A cikin rubutu, lamba 65 tana nufin babban harafin A. A cikin hoto kuwa, 65 ɗin nan tana iya nufin hasken wani ɗigo. A cikin murya tana nufin wani abu dabam. Saboda haka kafin uwar manhaja ta buɗe fayil, tilas ta san irinsa, domin ta miƙa shi ga manhajar da ta iya karanta shi.

Ku tuna da ɗakin ajiyar ƙungiya bayan kaka. Ga buhuna jere, duka a ɗinke. Wani dawa ne, wani masara, wani waken suya, wani taki. Ma'aji yana da hanya uku ta sanin abin da yake cikin buhu. Yana iya karanta rubutun da ke jikinsa. Yana iya soka shi da ƙarfen nan mai tsini da rami a ciki, kamar yadda masu saye suke yi a kasuwar Dawanau, ya ga ƙwayar a tafin hannunsa. Ko kuwa ya duba takardar da direba ya zo da ita. Uwar manhaja ma hanyoyi uku ɗin nan take bi.

HANYA TA FARI: WUTSIYAR SUNA

Sunan fayil kashi biyu ne, da ɗigo a tsakani. Ga misali: lissafi.pdf. Kashi na fari, mutum ne ya zaɓa. Kashi na biyu, watau abin da ya biyo bayan ɗigo na ƙarshe, shi za mu kira wutsiya. Ita ce rubutun jikin buhu.

Wannan al'ada tsohuwa ce. Uwar manhaja mai suna CP/M, wadda Gary Kildall ya yi a Amurka a 1974, tana ba suna harufa takwas, wutsiya kuwa harufa uku. MS-DOS ta kamfanin Microsoft ta bi wannan tsari a 1981. Shi ya sa har yau yawancin wutsiyoyi harufa uku ne. Sai da Windows 95 ta fito a 1995 masu ƙananan kwamfutocin Windows suka sami damar rubuta dogon suna, har harufa 255.

Ga wutsiyoyin da ƙungiya takan sadu da su:

.jpg da .png, hoto ne.
.pdf, takarda ce wadda aka gama shiryawa, domin karantawa da bugawa. Kamfanin Adobe ya fito da ita a 1993.
.doc da .docx, wasiƙa ce ko rahoto wanda ake iya gyarawa.
.xls da .xlsx, jadawalin lissafi ne.
.mp3 da .amr da .opus, sauti ne. Saƙon murya na WhatsApp yakan zo da .opus.
.mp4 da .3gp, bidiyo ne.
.zip, ƙunshi ne, fayiloli da yawa a ɗaure wuri ɗaya.
.apk, manhajar Android ce.
.exe, manhajar Windows ce.

Ku lura da biyun nan na ƙarshe. Sauran duka kaya ne, suna jira a buɗe su a duba. Amma .apk da .exe ma'aikata ne. In ka buɗe su, ba kallo za ka yi ba, ka shigar da baƙo cikin gidanka ne, ka ba shi hannu ya yi aiki.

Windows tana da babban littafin rajista a cikinta. A ciki an rubuta kowace wutsiya, da manhajar da za ta buɗe ta, da tambarin da za a nuna. In ka taɓa fayil, sai ta duba wutsiya, ta duba rajista, ta kira manhajar. Ba ta leƙa cikin fayil ɗin ba tukuna. Amfanin wannan hanya sauri ne. Rauninta kuwa, kowa yana iya sake wutsiya, kamar yadda kowa yake iya ɗaukar alli ya rubuta "masara" a kan buhun ƙaiƙayi.

HANYA TA BIYU: SOKA BUHU

Yawancin fayiloli suna da hatimi a can farkonsu, watau 'yan lambobi kaɗan waɗanda suke faɗin irinsu. Fayil na PDF yana farawa da %PDF. Hoton .jpg yana farawa da lambobi 255, 216, 255. Hoton .png yana farawa da 137, sa'an nan harufa PNG. Manhajar .exe tana farawa da MZ, farkon harufan sunan Mark Zbikowski, wani injiniyan Microsoft. Ƙunshin .zip kuma yana farawa da PK, daga sunan Phil Katz wanda ya fito da shi a 1989.

Tun 1973 uwar manhaja mai suna Unix take da wani ɗan ma'aikaci wanda aikinsa ke nan, ya leƙa cikin fayil ya faɗi irinsa. Kwamfutocin da suke aiki da Linux suna haɗa hanya biyu, su duba wutsiya, su kuma duba hatimi in akwai shakka. Manhajojin da suke buɗe fayil ma sukan duba hatimi. Shi ya sa wani lokaci tambari yana nuna PDF sarai, amma in ka taɓa sai manhaja ta ce fayil ɗin ya lalace. Sau da yawa bai lalace ba. Wutsiya ta faɗi abu ɗaya, hatimi ya faɗi wani.

Wannan hanya ta fi ta fari tabbaci, amma tana da iyaka. Wasiƙar .docx, da jadawalin .xlsx, da manhajar .apk, dukansu ƙunshin zip ne a asali, duka kuma da PK suke farawa. Kamar buhu ne wanda aka cika da ƙananan ƙulli-ƙulli. Ƙarfe ya gaya maka akwai ƙulli a ciki, amma sai an kwance kafin a san ko iri ne ko maganin ɓera.

HANYA TA UKU: TAKARDAR RAKIYA

Da fari wasiƙar imel rubutu zalla take ɗauka. A 1992 Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka tsara hanyar da za a haɗa hoto da sauti da takardu a cikinta. Sunan tsarin MIME. Mai aikawa yana haɗa fayil da ɗan bayani mai kashi biyu: na fari yana faɗin babban iri, na biyu yana faɗin ƙaramin iri. Hoton .jpg yana tafiya da image/jpeg. Takardar PDF tana tafiya da application/pdf. Akwai wata hukuma mai suna IANA wadda take riƙe da rajistar waɗannan sunaye domin duniya duka ta bi abu ɗaya.

Da wannan hanya Android take aiki. In ka taɓa takarda a cikin WhatsApp, sai WhatsApp ta gaya wa Android, "Ga fayil iri kaza, wa zai buɗe?" Kowace manhaja, tun ranar da aka sa ta a waya, ta riga ta faɗi irin fayilolin da ta iya. In ɗaya ce ta iya, sai a miƙa mata. In sun fi ɗaya, waya takan jera su ta tambaye ka, ta kuma tambaya ko sau ɗaya ne ko kullum. In babu ko ɗaya, sai ta ce ba za ta iya buɗewa ba.

Abin lura a nan shi ne, sau da yawa daga wutsiya ake rubuta takardar rakiyar. In direba ya kwafi takardarsa daga rubutun jikin buhu, shaida biyu sun zama ɗaya ke nan.

Kamfanin Apple ya taɓa bin wata hanya mai kama da wannan. Kwamfutar Macintosh ta 1984 tana ɓoye alamu biyu masu harufa huɗu-huɗu tare da kowane fayil, ɗaya tana faɗin irinsa, ɗaya tana faɗin manhajar da ta yi shi. Amma in fayil ya ƙaura zuwa wata irin kwamfuta, alamun sukan ɓace a hanya. Daga 2001 Apple ma ya ƙara dogara ga wutsiya.

DAGA INA TAMBARI YAKE FITOWA?

A dā, mai aiki da kwamfuta sai ya rubuta sunan fayil da hannu kafin ya buɗe shi. Kwamfutar Xerox Star ta 1981 tana cikin na farko da aka sayar masu nuna ƙananan hotuna na takarda da jakar takardu a kan allo. Wata mai zane, Susan Kare, ita ce ta zana tamburan Macintosh ta 1984. An yi tambari domin sauƙi, har wanda bai iya Turanci ba ya gane. Wannan alheri ne babba ga irinmu. Amma sai mu san wanda yake manna shi, gama wuri uku yake fitowa.

Na ɗaya, daga na'ura. Bayan uwar manhaja ta yanke irin fayil, sai ta ɗauko tambarin da ya dace. A Windows, yawanci tambarin manhajar da za ta buɗe shi ne. In aka sa sabuwar manhajar karanta PDF a kwamfuta, da safe sai magatakarda ya ga dukan takardunsa sun sake kama. Kada ya firgita, ba abin da ya taɓa cikinsu. A waya kuma, manhajar da take jera fayiloli tana da nata tarin tambura. Saboda haka takarda ɗaya tana iya fitowa da kama ɗaya a wayar shugaba, da wata kama a wayar ma'aji. In na'ura ba ta san wutsiyar ba, takan nuna farar takarda marar komai, ko alamar tambaya.

Na biyu, daga cikin fayil. Ga hoto da bidiyo, na'ura takan buɗe fayil ɗin da kanta, ta ƙanƙantar da shi, ta nuna maka. Wannan ya fi ƙarfi, gama an ga ƙwayar.

Na uku, daga wanda ya yi fayil ɗin. Nan ne sai mu buɗe ido. Manhajar .exe da ta .apk suna zuwa da nasu tambari a jikinsu. Wanda ya yi manhajar shi yake zaɓan hoton da ya ga dama. Yana iya sa jan tambarin PDF. Yana iya sa hoton jakar takardu, ko tutar Nijeriya, ko buhun taki. Windows za ta nuna abin da ya sa, manhajojin jera fayiloli da yawa a waya ma haka. Watau fayil ɗin da ya fi kowanne ikon yin ɓarna, shi ne aka bar wa zaɓin rigar da zai sa.

INDA HAƊARI YAKE

Mun san abin da marasa gaskiya suke yi da taki. Sukan sami buhun kamfani wanda aka juye, su zuba gauraye, su ɗinke. Rubutu yana cewa NPK 15-15-15, manomi ya zuba, masara ta ƙi. Abin ya kai har aka yi dokar kula da ingancin taki a ƙasar nan a 2019. Masu ɓarna ta na'ura ma haka suke yi, kuma dabarunsu uku ne suka fi shafarmu.

1. Wutsiya biyu. Windows, in ba a gyara ta ba, tana ɓoye wutsiyar fayilolin da ta sani. A watan Mayu na 2000 wani fayil ya fito daga Manila ta ƙasar Filifin, ya bi imel ya shiga miliyoyin kwamfutoci a duniya cikin 'yan kwanaki. Sunansa ya ƙare da .TXT.vbs. Windows ta ɓoye .vbs, wadda ita ce wutsiyar gaskiya, mutane suka ga .TXT suka ɗauka wasiƙa ce. Duk wanda ya buɗe, sai fayil ɗin ya lalata masa hotuna, ya kuma aika kansa ga dukan mutanen da suke cikin littafin adireshinsa. Ka'ida ita ce: wutsiyar ƙarshe ita ce mai magana. In ka ga suna kamar fom-na-taki.pdf.apk, to, .apk ne, kalmar pdf ado ce kawai.

2. Manhaja da sunan takarda. A ce saƙo ya shigo zauren WhatsApp na ƙungiya, yana cewa ga fom na tallafin noma, a cike kafin jibi. Tambari ja ne kamar na PDF. Ka taɓa, maimakon takarda ta buɗe, sai waya ta nuna kalmar Install, ko ta ce sai ka ba da izinin sa manhaja daga wurin da ba a sani ba. Tsaya nan. Takarda ba ta neman a sa ta a waya, buɗewa kawai take yi. Irin wannan manhaja takan nemi izinin karanta saƙonninka. In ka ba ta, tana iya karanta lambar sirrin da banki yake aiko maka, ta tura wa ɓarawo. In wayar ma'aji ce, kuɗin mutum talatin ko hamsin ne a bakin rijiya. Wasu kuma masu ba da rance ne, su kwashe lambobin 'yan'uwanka, ran da ka makara da biya su bi su da saƙon cin mutunci. Tun 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance da suke cikin Play Store taɓa lambobin mutane da hotunansu. Amma manhajar da ta zo ta WhatsApp ko Xender ba ta bi ta wannan ƙofa ba.

3. Jakar ƙarya a filashi. Magatakarda ya kai filashi ko memori shagon buga takardu. Ya dawo ya ga jakunkunansa suna nan da sunayensu, amma kowace tana da ɗan kibiya a gindin tambarinta. Wannan alama ce cewa ba jakar ba ce, manuniya ce kawai mai wutsiyar .lnk, wadda Windows ba ta nunawa. Cutar kwamfuta ta ɓoye jakunkunan gaskiya, ta ajiye waɗannan a madadinsu. Duk wanda ya taɓa, ya ta da cutar a kwamfutar da yake kai. Kada a taɓa, kada kuma a yi gaggawar share filashin duka, gama yawanci takardun suna nan a ɓoye. A kai wa wanda ya san aikin ya fito da su.

Sai mu ƙara da wannan: ko da takarda PDF ce ta gaskiya, abin da aka rubuta a ciki yana iya zama ƙarya. Wutsiya tana faɗin irin fayil, ba ta faɗin halin wanda ya aiko. Takardar da ta ce ka taɓa wani wuri ka rubuta lambar BVN, ko lambar katin banki, ko lambar sirri, a ajiye ta sai an tambaya.

MATSALOLI HUƊU DA MAGANINSU

Ba kullum ne ɓarawo yake da hannu ba. Ga waɗansu matsaloli na yau da kullum.

An ce a aiko da takarda a PDF, ga ta kuwa .docx ce. Sake wutsiya da hannu ba ya mai da ita PDF, kamar yadda rubuta "gero" a buhun dawa ba ya sake ƙwaya. Wurin da aka aika zai ƙi ta, ko ta ƙi buɗuwa a can, ƙungiya ta rasa dama. Sai a buɗe ta a manhajar da ta yi ta, a zaɓi a ajiye ta a matsayin PDF. Manhajar za ta sake jera lambobin ciki, ta sa hatimin da ya dace.

An sake wa fayil suna, sai ya zama farar takarda ya ƙi buɗuwa. Mai yiwuwa an share wutsiya tare da tsohon suna. A mayar da ita yadda take, da ɗigonta, fayil zai dawo. In za a sake suna, a taɓa abin da yake gaban ɗigo kaɗai.

An tura wa tsoho jawabin malamin gona a memori, ƙaramar wayarsa mai maɓalli ta ƙi kunnawa. Sau da yawa dalili shi ne sautin .opus ne, ƙananan wayoyi kuwa sun fi sanin .mp3 da .amr. Sai a juya shi zuwa .mp3 da manhajar juya sauti kafin a tura. Haka nan hoton da ya fito daga iPhone yana iya zuwa da .heic, wadda Apple ya fara amfani da ita a 2017. A roƙi mai aikowa ya turo .jpg.

Kullum takarda tana buɗuwa a manhajar da ba a so. Wata rana ne aka zaɓi "kullum" sa'ad da waya ta yi tambaya. A shiga saitin waya, a nemi wannan manhaja, a share zaɓin da aka ba ta. Waya za ta sake tambaya.

KA'IDODI BAKWAI GA ƘUNGIYA

1. A karanta suna har ƙarshensa kafin a taɓa. WhatsApp takan rubuta irin fayil da nauyinsa a ƙarƙashin suna. In suna ya yi tsawo har ƙarshensa ya ɓuya, a nemi cikakken bayanin fayil ɗin a duba.

2. A kwamfutar ƙungiya, a sa Windows ta riƙa nuna wutsiya. A buɗe wurin da ake ganin fayiloli, a shiga View, a nemi File name extensions, a sa masa alama. Aikin minti ɗaya ne.

3. Wayar da take karɓar saƙon bankin ƙungiya, kada a sa mata .apk da ya zo daga hannun kowa, ko da aboki ne. Abokin ma turo masa aka yi. Kada kuma a bar ta a hannun masu tura finafinai da waƙoƙi.

4. In an ji labarin tallafi, mutum biyu su je ofishin aikin gona na ƙaramar hukuma, ko su tambayi malamin gona na KNARDA, kafin kowa ya cike wani abu. Matambayi ba ya ɓata.

5. Lissafin da ake kan rubutawa ya zauna a .xlsx ko .docx. Wanda taro ya amince da shi a mai da shi PDF, shi za a raba wa membobi.

6. A ba fayil suna mai ma'ana, da shekara da wata a gaba, kamar 2025-06-bashin-taki.pdf. Waya takan ba hoto suna da lambobi zalla. Rasit hamsin masu irin wannan suna ba su da amfani ran da gardama ta tashi.

7. Kowane fayil mai muhimmanci ya kasance a wuri biyu, a hannun mutum biyu. Littafin takarda kuma kada a yar da shi. Waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta a kasuwa.

In wani ya riga ya sa irin wannan manhaja, kada ya ɓoye don kunya. Ya kashe data nan da nan, ya cire manhajar, ya je banki ko ya kira su da wata waya domin a tsare asusun, ya sake lambobin sirrinsa, ya kuma faɗa wa zauren da saƙon ya fito domin kada wani ya faɗa.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Waɗanne hanyoyi uku ne na'ura take bi ta gane irin fayil? Wace ce ta fi sauƙin ruɗi?

2. Me ya bambanta .pdf da .apk?

3. Fayil mai suna sunayen-manoma.xlsx.exe, wane iri ne? Don me?

4. Wace waya ce take karɓar saƙon bankin ƙungiyarku? Mutum nawa suke taɓa ta?

5. In wayar magatakarda ta ɓace yau, a ina za ku sami lissafin bashin bana?

AIKIN YI KAFIN TARO NA GABA

Kowane mai wayar shafawa ya buɗe wurin da fayilolinsa suke, ya rubuta wutsiyoyi biyar dabam-dabam da ya gani, da abin da kowace take nufi. Ya duba ko akwai .apk wanda bai san inda ya fito ba, ya share shi. Sa'an nan ya zauna da mutum ɗaya wanda bai iya karatun boko ba, ya koya masa kamannin harufa uku ɗin nan, a, p, k, har ya iya gane su da ido. Magatakarda ya kawo rahoton mutum nawa aka koya wa.

Sai mun sadu a darasi na gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka.